Tukunyar Inna a Wuro Patuji

Malama mai gabatarwa, sannu da aiki. Yakubu ne daga Yelwa.

Lokacin da muka gudu daga Mubi, Innata ta binne awarwaronta cikin tukunya a gindin tsamiyar gonarmu ta Wuro Patuji. Ta rasu a gudun hijira, tsamiyar kuma an sare ta. Na samo na'urar gano ƙarfe a ƙasa. Ranar farko tana yin ƙara, maƙwabta suka watse suna ihun bom, 'yan banga suka zagaye ni. Tun ranar na'urar tana ƙarƙashin gado, gonarmu ta gagare ni zuwa.

Don Allah, wane dattijo zai tsaya kusa da ni in tona? Ba zinariya ba ce, jama'a, tagulla ce. Ta uwata ce kawai.