Kawu Tabarau da Ciyawar Darduma

Assalamu alaikum. Shugaban taro, shugabar asibitin da ta ara mana wannan fili, malamanmu, Hajiya matar marigayi, 'ya'ya da jikoki, maƙwabta da abokan arziki, barkanmu da haɗuwa.

Ƙungiyar masu lambu ce ta ce in yi magana a kan Kawu Tabarau. Zan taƙaita, ko da yake shi bai taɓa taƙaitawa ba in dai zancen ciyawa ne.

Ya kasance mai haɗa magunguna a wannan asibiti har ya yi ritaya. Ya kasance wanda ya roƙar mana filin bayan asibitin muka yi lambu, bisa sharaɗi guda: duk ranar da muka bar shi ya koma jeji, za a zuba siminti a mayar da shi wurin ajiye motoci.

Sai darduma ta shigo. Ga baƙin da ba su san ta ba, ciyawa ce mai rarrafe, ganyenta zagaye kamar maɓalli, furenta shuɗi, in ka murje ta sai wari. Da farko har kyautarta muke yi wa juna. Da ta fara shaƙe albasa da karas, muka sassare ta da fartanya muka zuba a ramin taki, don mu ba ma zubar da komai. Da takin ya nuna, muka raba wa kowane fangali daidai wa daida. Ba a jima ba ta tsiro ko'ina.

Kawu ya durƙusa, ya gyara tabarau, ya nuna mana cewa kowace gaɓa tana fitar da saiwa, kuma guntu kamar farce ya isa ya farfaɗo. Ya ce, “Ai ba kashe ta kuka yi ba, 'ya'yanta kuka aurar gida-gida.”

Ya kasance mai haƙuri. Ya koya mana a cire ta da hannu bayan ruwan sama, a bi zaren har ƙarshe, a shanya a kan kwanon rufi ta bushe ƙayau, sannan a ƙone. Wani tela ɗan ƙungiyarmu ya gaji wata rana ya ce, “Haba Kawu, a fesa mata magani kowa ya huta mana!”

Kawu ya ce, “Ni da na tsufa a cikin magani nake gaya maka, albasarka za ta riga ta mutuwa. Durƙusa, malam, gwiwar ba ta aro ba ce.”

Yau lambun ya dawo, saura kusurwa ɗaya gefen tankin ruwa. Ita ce Kawu ya lulluɓe da baƙin tamfol ya danne da bulo, ya ce kada a ɗaga sai bayan damina, rashin rana zai gama da dardumar. Jiya masu shirya kujeru suka ce tamfol ɗin ya ɓata wuri, a naɗe shi kafin manyan baƙi su iso. Hajiya ta jawo kujera ta dasa a tsakiyarsa. Ta ce, “Shekara da shekaru ina wanke taɓon wandonsa. Wanda zai ɗaga, ya fara ɗaga ni.” Shi ya sa kuke ganinta can, ba a sahun gaba ba.

Hajiya, ki taso ki huta. 'Ya'yan Kawu, ku kwantar da hankalinku. Ƙungiya ta raba gadin wannan kusurwa a tsakaninta, kuma tela ne ya fara ɗaga hannu. Shugabar asibiti, sai dai motocinku su ƙara haƙuri.

Mun gode wa kowa da kowa. Roƙona ɗaya: wanda ya ratsa ta gefen tankin, ya kakkaɓe takalminsa a bakin ƙofa, kada ya kai wa gidansa tsaraba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma ya ba mu ƙarfin gwiwa. Amin.