A Buɗe Mana Ɗakin Kwabena Kafin Juma'a

Nana Agyekum shugaban dangi, Fasto Boadi, Madam Nyarko shugabarmu a wurin aiki, Maame Afrakoma mahaifiyar marigayi, 'yan uwa da maƙwabtan Bantama, sannunmu da wannan rashi. Ni ce Pokuaa, mai ɗaga waya a layin da masu ciki da masu jego ke turo wa ungozoma saƙo. Ku yi haƙuri, daga waya nake karantawa.

Kwabena ya kasance mai tsokana, bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai "Rediyo". Ya kasance mai raba waakyensa, shinkafa da waken nan, da kowa, amma ban da ƙwan.

Ya kasance mai jin zafin jiran da mata ke yi. Kafin ya zo ya kama aikin kula da kwamfutocinmu, in na danna sunan mace a kwamfuta, sai in gama zagaye duk guruf ɗin wayata bai buɗe ba, ita kuma tana kan layi, jaririnta jiki zafi zau. Na ce, "Bra Kwabena, kwamfutar nan mayya ce?" Ya ce, "Rediyo, in an yi sallama da ke, da katifarki kike fitowa? To haka rumbun bayananku yake. Kowane suna an ɗaure masa muryoyi da hotunan awo, kina kira ya taso da kayansa kaf." Sai ya raba su: suna a gaba, kaya masu nauyi a ɗakin baya, da 'yar alama mai cewa wannan na wance ne. Yanzu ina dannawa ya buɗe.

Jama'a, ga abin da ke ba mu tsoro. Bai gama ba. Akwai muryoyi da hotuna da ya kwashe bai sa musu alama ba tukuna. Akwai kuma wani tsari da yake kira "mai shara", duk ƙarshen wata yake tashi ya goge duk abin da ba shi da alama. Kwabena ne ke tsayar da shi da laftof ɗinsa. Wata zai ƙare ranar Juma'a. Madam ta kira masana daga Accra, sun ce in ba laftof ɗin, ba yadda za su yi. Laftof na ɗakinsa, ɗakin kuma a kulle sai an yi arba'in.

Nana, mun san al'ada, haka aka kulle ɗakin babana. Ko tsinke ba ma so, a dai buɗe mana mu tsayar da mai shara da laftof ɗin. Amma wallahi tsoron ɗaga waya nake. Mace za ta zo da naƙuda, ungozoma ta buɗe ta tarar babu hoton da ya nuna jaririn a gicciye yake. Me zan ce mata?

Maame, muryar farko da ya gwada rumbun da ita tasa ce. Waƙar coci yake yi, da muryar nan tasa kamar ta agwagwa, yana dariya. Ita ma ba ta da alama.

Maame, zauna mana, kada ki faɗi. Nana... makullin ne kake ba ta? Wayyo Allah. Madam, kin gani?

Mun gode, Nana. Mun gode, Maame, ke za ki buɗe da hannunki, mu muna bakin ƙofa. Ubangiji ya ba Kwabena hutu, ya ba ku haƙuri, ya sauki matan nan lafiya. Amin.