Alamar Shanu a Ƙofar Mota

A wajen masu gyaran fentin mota a Kazaure, Shafi'i ya zauna benci ɗaya da wani dattijo da bai sani ba.

"Samari, wanne za a sa maka, ledar ko na shafawar?"

"Shi nake ta tunani, Baba. Sun ce ledar tana tare tsakuwa da ƙaya, siramik kuma sheƙi yake ƙarawa."

"Ina kake bi da ita?"

"Daga Roni zuwa rugarmu."

"To, leda. Sheƙi ba ya hana ƙaya. Wannan karcen na ƙofa fa, wane ja'irin yaro ne?"

"Mahaifina ne. Ranar da na kai ta gida ya ɗauki ƙusa ya zana mata alamar shanunmu, wai kada ta ɓata."

Dattijon ya yi dariya har da tari. "Ai kafin siramik sai sun goge shi tas. Ledar ma in ta hau, hannu ba zai ji komai ba."

"Bara idonsa ya mutu. Sai ya laluba ya ji alamar yake yarda ya shiga in kai shi asibiti."

Dattijon ya daina dariya. Shafi'i ya miƙe ya kira mai aikin.

"Malam, a sa leda ko'ina, amma ƙofar nan a bar ta haka."

"Damina na zuwa, wurin zai yi tsatsa fa."

"Ya yi."