Na Kira Sunan Ɗan Farina

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, da duk masu saurare. Ni ce Hajo daga Sanyinna. Ɗana ɗaya, ɗan fari, ko yaye bai kai ba.

Malam, da goyo a baya nika daka, in ɗebo ruwa, in kai abinci gona. Amma in baƙi sun zo, sai Inna, uwar mijina, ta ce: "Ba ta sana'ar komi, zaune take."

Ranar kasuwar Tambuwal, mazan gidanmu duk sun tafi, jikin yaron ya yi zafi, ya sanƙare, idonsa ya juye. Na rungume shi a gaban Inna ina ihu: "Muntari! Muntari!" Kun san a wajenmu uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce. Wallahi mantawa na yi. Maƙwabcinmu ya kai mu asibiti a babur, Allah ya sa ya farfaɗo.

Da muka dawo ko sannu ban samu ba. Inna ta ce: "Tun zamanin jihadi ba a yi marar kunya irinki a gidanga ba." Ta ce da an yaye shi za ta kai wa ƙanwarta a Kebbe ta riƙe, don in koyi kara. Mijina ya sunkuyar da kai kawai.

Don Allah ku ba ni shawara, na rasa inda zan sa kaina. Duk wahalar da na sha ba wanda ya gani, sai suna ɗaya aka ji. In ya sake sanƙarewa a Kebbe, wa zai kira shi?