Kunyar Suruka Ta Hana Ni Shan Ruwa

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Hadiza, daga Roni.

Ina da ciwon sikila, kuma likita ya sha ja min kunne cewa zafi da ƙishirwa suna tayar min da shi. Da ƙaramar Sallah muka kai yara wurin wasa a Kano, har da surukata Hajiya. Mun isa da azahar, rana ta take sosai. Ga robar ruwa a jakata, amma a gidanmu ba a ci ba a sha a gaban suruka. Haka na yi ta haɗiyar yawu a layin lilo har ƙafafuna suka fara sara. Kwanana huɗu a gadon asibiti.

Da Hajiya ta ji dalili sai ta ce, "Ke 'yar nan, in kika mutu kunyar ce za ta riƙe min jikoki?"

Da babbar Sallah sai bayan la'asar muka shiga. Na zauna a inuwa, maigida ya bi layi da yara.

Masu irin ciwona, wace dabara kuke yi wa rana? A miƙa gaisuwata ga Hajiya, wadda yanzu da kanta take miƙo min ruwa, ta juya baya har in shanye.