Ranar da Babanmu Ya Fito a Talabijin

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ce Hajara daga Gyaɗi-Gyaɗi.

Muna yara, masu wasan kwaikwayon da ake nunawa ranar Juma'a suka zo ɗauka a layinmu. Babanmu tela ne, sai suka roƙe shi ya ci gaba da ɗinkinsa a bakin shago. Ranar da aka nuna, maƙwabta suka cika tsakar gidanmu. Da ya bayyana yana taka keke yana murmushi, gidan ya kaure da ihu. Kunya ta kama shi, ya fice.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Yanzu idon Innarmu, matarsa, ya fara rauni. Rannan ina mata tausa ta ce, "Hajara, da za su maimaita wasan nan, in ƙara ganin Malam kafin idon ya tafi."

To Malam mai gabatarwa, wa zan nema? In akwai mai tsohon kaset ɗin, don Allah ya taimaka mana. Ina gaida ƙanwata Rabi a Tarauni.