Nasara Huɗu, Zaɓe Ɗaya

Shugaban ƙungiyarmu ta 'yan Arewa mazauna College Park da kewaye, Dakta Munzali, iyayenmu dattawa, 'yan uwanmu na Nijar da suka ajiye motocin haya suka taho, shugaban kwamitin zaɓe, Malam Chuwang, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ni ce Rumasa'u, sakatariyarku. Na gode muku da kuka amsa kira, na kuma gode wa 'yan ƙwallon zari-ruga na jami'ar garin nan, domin ba don su ba da ba mu ga fuskar shugabanmu yau ba.

Ga wanda bai sani ba, idan suka ci wasa shida a kakar wasa, akan gayyace su babban wasan ƙarshen shekara a wani gari. Mu kuwa tsarin mulkinmu cewa ya yi a yi zaɓe a makon ƙarshe na Disamba, kuma ba a jefa ƙuri'a sai shugaba na zaune.

A 2021 aka gayyace su New York. Dakta ya bi su, suka ci, aka ɗage zaɓe. A 2022 aka kai su Charlotte, suka ci, aka juye wa kocinsu mayonis a ka don murna, Dakta ya turo mana hoton muna zaune a nan shinkafa tana hucewa. Na kira shi na ce, "Ranka ya daɗe, jama'a na jira." Ya ce, "Rumasa'u, ba na jin ki, ana ihu." A 2023 sai Nashville, nan ma suka ci, nan ma aka ɗage.

Wannan fa mutum ne da har yau ni yake tambaya me ya sa suke gudu rungume da ƙwallo. Wa'adin shekara biyu ya zama biyar, Malam Chuwang ya buga ƙuri'u har sau uku, kuma ba zan ɓoye muku ba, raina ya daɗe da ɓaci.

Bana Allah ya ji kukanmu. Wasa huɗu kacal suka ci, ba wanda ya gayyace su ko'ina. Ga Dakta nan a kujera da jar hularsu a kansa. Malam Chuwang, a rufe ƙofa, a raba ƙuri'u.

Allah ya sa albarka a taron nan, ya mai da kowa gida lafiya. Allah ya ba yaran nan nasara baɗi, ya ba Dakta sararin bin su duk inda suka je, ba nauyin kowa a kansa.

Na gode.